Injin Babur Ya Sha Ruwan Kogi Ya Cije: Yadda Muka Ceto Shi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Wannan babur da kuke gani jingine da bangon zana na kawuna ne, Honda CG125, irin wanda kamfanin ya fara fitarwa a 1975. Shekara da shekaru yana ɗauke masa albasa da kuɓewa daga gonar bakin kogin Nilu a nan Maiurno, cikin ƙasar Sudan, zuwa kasuwar Sinnar. Da damina ta yi ƙarfi, wadda a nan muke ce wa harif, ruwa ya shiga rumfar da yake ajiye shi, ya nutse har tanki. Bayan ruwan ya janye aka turo shi gida aka jingine, wata biyar ba wanda ya waiwaye shi.

Mutanen bakin kogin nan sun san wannan labari. A ambaliyar 2020 ruwa ya haura mita 17 da rabi a ma'aunin Khartoum, jihar Sinnar kuwa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Sannan tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, kayan gyara suka yi tsada suka yi wuyar samu. Yau ba mai jefar da inji don ya cije.

Ku dubi kikin nan. Na ɗora hannu na danna, ko gezau. Da Kawu ya ga haka sai ya ce mini, "Ɗana, hau da ƙafa ka taka da ƙarfi mana, ai zai saki." Na ce, "Kawu, ka yi mini haƙuri, in na taka yau, kuɗin da za ka kashe zai ninka." To ga dalili.

In yau aka tsamo babur daga ruwa, abin da ke hana fistin motsi shi ne ruwan da ya cika silinda. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Ka taka kiki da ƙarfi, ƙarfin nan ba shi da wurin zuwa sai kan kwanrod, wato sandar da ta haɗa fistin da kiranshaf, sai ta lanƙwashe. Maganin wannan mai sauƙi ne: cire fulogi, juye baƙin mai, taka a hankali ruwan ya feso ta ramin fulogi, ka zuba sabon mai ka tayar a ranar. Namu kuwa ya wuce nan. Cikin silindar CG ƙarfe ne, ringi ma ƙarfe ne, wata biyar suna zaune da danshi, tsatsa ta ɗinke su wuri guda. Wanda ya tilasta wa irin wannan, ringi zai karye ya karce silinda, ko haƙoran kiki su zube cikin giya. Garin neman gira a rasa ido.

Bari mu kwance notin ƙasa mu ga abin da zai fito. Kun gani? Ruwa ne ya fara zubowa tukuna, don ya fi mai nauyi, yana kwance a ƙasa. Bayansa ga man nan ya koma kamar shayi da madara. Yanzu ku duba abin da ya rage a gindin kwano. Na murza shi tsakanin yatsuna, yana ƙaras-ƙaras. Wannan laka ce da kogi ke ɗaukowa daga tsaunukan Habasha, ita ce albarkar gonakinmu, amma a cikin inji samfefa ce. Saboda ita nake cewa duk injin da ya sha ruwan kogi sai an buɗe shi. Akwai masu cewa a ɗura masa gas a girgiza a juye ya isa. Ban yarda ba. Lakar tana maƙalewa a cikin boris, ka tayar ya yi maka wata guda lafiya, daga nan ya fara kuka.

Kafin komai na buɗe murfin sama. CG ba shi da sarƙar taimin, sanduna biyu ne ke tura bawul daga ƙasa. In bawul ɗaya ya cije da tsatsa kana juya inji, sandar ce za ta tanƙware. Don haka na cire su na ajiye, na sa alama wacce ta shiga wacce ta fita. Na danna kowane bawul da ƙotar guduma. Bawul na shiga ya motsa, na fitar hayaƙi ya ƙi, don ta salansa ruwan ya fi daɗewa.

Yanzu sai jiƙo. Na cire fulogi na cika silinda da man gas, wanda a nan muke ce wa jaz. Wasu kan haɗa man giyar mota mai canja kanta da tina, shi ma yana ratsa tsatsa sosai, amma gas ya fi sauƙin samu kuma ya wadatar. Na fitar da babur ɗin rana. Zafin rana da sanyin asuba suna sa ƙarfe ya buɗe ya tsuke, wannan motsi da ido ba ya gani shi ke fasa tsatsa ya ba mai hanya. Kullum da safe sai in leƙa da tocila. Kwana uku na farko man yana nan yadda na bar shi. Rana ta huɗu na ga ya ragu da kamar faɗin yatsa, raina ya yi fari, domin alama ce ya fara ratsa ringi yana sauka ƙasa. Na ƙara, na sa giyar ƙarshe, na kama tayar baya ina ɗan kaɗa ta gaba da baya, ba da ƙarfi ba, kamar mai lallashin yaro. Kullum haka.

Da aka kwana tara bai saki ba, na cire kan silinda gaba ɗaya. Ga saman fistin nan, ga zoben tsatsa jawur inda ruwa ya tsaya. Na goge tsatsar da ke sama da fistin da samfefa mai laushi, don kada in ya motsa ya sake cijewa a kanta. Sannan na sassaƙa guntun itace daidai faɗin ramin, wato kusan milimita 56, na ɗora a kai. Ku lura da wannan sosai: kada ƙarfe ya taɓa fistin, kuma itacen ya zauna a gefe-gefe, don tsakiyar fistin ba ta da kauri. In kuma fistin yana can ƙasa ƙarshen tafiyarsa, kada ka buga, bugun zai sauka kan boris ne. Sai dai ka ɗaga silindar, ka sa katako a ƙarƙashinta ta yadda fistin zai sami wurin sauka. Namu a tsakiya ya tsaya, mun yi sa'a. Bugu kaɗan-kaɗan, in zuba mai, in huta. A bugu na wajen ashirin na ji sautin ya canza, daga ƙau ya koma dum. Ya sauka da kamar kaurin farce. Alhamdu lillahi. Daga nan sai sama da ƙasa da hannu har silinda ta zare.

Ringin nan duk sun manne a cikin raminsu, ba a maganar mayar da su, sabbi za a sa. Silinda kuma ga gwajin da usta, wato babban makanikin da ya koya mini aiki, ya nuna mini, Allah ya saka masa da alheri: ja farcenka a ciki. In tabo ne kawai farce ya wuce sumul, gogewa ta isa. In farce ya tsaya a rami, sai wajen mai injin yankan ƙarfe ya faɗaɗa ta, a sa fistin mai ƙarin milimita 0.25 ko 0.50. Tamu ta kama farce a wuri biyu, don haka ta tafi Sinnar.

Sai kwanrod. Kama shi ka ja sama ka danna ƙasa. Ɗan motsin gefe ba laifi, amma sama da ƙasa ko kaɗan bai kamata ka ji ba. Juya shi kuma ka saurara da yatsunka. Namu ba ya wasa, amma boris ɗin kiranshaf na hagu yana gurnani, shi na canza. Na raba cikin injin biyu na wanke komai da kananzir sau uku, har ruwan wankin ya fito fes. Kada a manta da rariyar mai da ke bayan babban murfin nan na ƙasa, da kuma matacin nan mai juyawa da ke bayan murfin kuloci. Da na buɗe shi, laka ce cike dam kamar an dama fura. Faifan kuloci sun manne da juna, na raba su ɗaya-ɗaya na jiƙa a sabon mai.

Kafireta, tanki, salansa da wayoyi, wanki ne da shanya. Tankin dai a juye shi ƙasa-sama, don ruwa ƙarƙashin fetur yake ɓuya.

Ga shi mun haɗa da sabbin gaskit. Tazarar bawul milimita 0.08, a auna inji yana sanyi. Mai kusan lita ɗaya, kuma mai araha na fara zubawa, don ba zai daɗe a ciki ba. Na taka kiki sau da yawa ba fulogi don mai ya zagaya ko'ina, sannan na mayar da fulogi. Bismillah. Ɗaya, biyu, uku. Kun ji shi? Wannan farin hayaƙin ragowar gas ne da danshin salansa, zai wuce. Minti goma zan bar shi yana aiki a hankali ba tare da na murɗa ba, in juye man da zafinsa in duba launinsa. In ya fito da fari-fari in sake, har sai ya fito da kalarsa. Na riga na gaya wa Kawu, sati biyun farko buhu ɗaya zai riƙa ɗora masa, ba uku ba.