Jocelyn Bell da ɗan zanen da ta ƙi kau da kai a kansa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

A watan Agustan 1967, wata ɗaliba 'yar shekara 24 a Jami'ar Cambridge ta Ingila, Jocelyn Bell, tana bin wata doguwar takarda da ido, wadda na'urar sauraren sararin samaniya ke zana layuka a kai, kusan mita 30 kowace rana. Babu kwamfuta, idonta ne kawai da fensir. Can sai ta hangi wani ɗan zane da bai kai faɗin farce ba, ta kuma tuna ta taɓa ganin irinsa daga wannan ɓangaren na sama.

Ta san na'urar ciki da bai, domin shekara biyu ta yi tare da abokan aikinta suna kafa turaku da guduma, suna ɗaura wayoyi a fili mai faɗin eka huɗu da rabi. Malaminta Antony Hewish ya fara ɗauka cewa hayaniyar na'urorin mutane ce ta shigo. Ita kuwa ta nace. Ranar 28 ga Nuwamba ta ƙara wa takardar gudu, sai ga abin yana bugawa kamar zuciya, sau ɗaya a duk daƙiƙa ɗaya da sulusi, ba ya saɓawa.

Abin da ta gano shi ne ake kira pulsa. Gawar babban tauraro ce da ya fashe, ta dunƙule har faɗinta ya koma kamar kilomita 20 kacal, amma ta fi rana nauyi. Tana juyi da sauri tana feso igiyar rediyo, duk zagayen da ya fuskanto mu sai mu ji bugu ɗaya. Af, a wannan jami'ar ta Cambridge ce ɗan Najeriya Samuel Okoye, shi da Hewish, suka ba da rahoton wani baƙon abu a sama a 1965, wanda daga baya aka gane shi ma pulsa ne.

A 1974 aka ba da kyautar Nobel ta fiziks, ta tafi hannun Hewish saboda gano pulsa, shi da abokin aikinsa Martin Ryle. Sunan Jocelyn bai fito ba. Hewish ne ya tsara na'urar, wannan ba a musu, kuma ita da bakinta ta ce ba ta riƙe kowa a zuci ba. Duk da haka ni a ganina an tauye mata haƙƙi: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Da ma ta saba da turjiya. A Ireland ta Arewa, inda aka haife ta a 1943, ta faɗi jarrabawar da ake yi wa yara 'yan shekara 11 a lokacin. A Jami'ar Glasgow ita kaɗai ce mace a ajin kimiyyar fiziks, in ta shigo samari su yi ta buga ƙafa suna fito. Ta sha faɗa cewa a Cambridge gani take bisa kuskure aka ɗauke ta, ko yaushe za a iya korarta, shi ya sa ba ta barin ko tabo ɗaya ya wuce ba ta bincika ba.

Bayan aure ta yi shekaru tana aikin wucin gadi daga gari zuwa gari tana renon ɗanta, kafin ta zama farfesa a 1991, daga baya kuma mace ta farko da ta shugabanci Cibiyar Fiziks ta Birtaniya a 2008.

A 2018 aka ba ta babbar kyautar kimiyya ta Breakthrough, dala miliyan uku. Ko sisi ba ta taɓa ba. Ta miƙa kuɗin dukansu ga wannan cibiyar, aka buɗe asusun ɗaukar nauyin mata, da 'yan ƙananan ƙabilu, da 'yan gudun hijira masu son yin digirin digirgir a fiziks.