Lacca: Yadda aka ceto ɗan akun tsibirin Moris gida bayan gida

Assalamu alaikum. Tsuntsun da za mu yi magana a kansa yau ƙaramin aku ne kore mai doguwar jela, ɗan'uwan wanda muke gani a itatuwan ƙasar Hausa. Shi kuwa ba a samunsa ko'ina a duniya sai tsibirin Moris da ke Tekun Indiya. A shekarun 1980 waɗanda suka rage ba su kai 20 ba, duk a tudun kurmin da aka mayar gandun daji na Black River Gorges a 1994.

Sare kurmi ne ya kai shi bakin ƙarewa: abinci ya yi ƙaranci, tsofaffin itatuwa masu kogon da yake sheƙa a ciki suka ragu. To, ku lura da inda aikin yake. Macen tana yin ƙwai biyu zuwa huɗu, amma sau da yawa ɗa ɗaya iyayen suke iya ciyarwa, sauran yunwa ta kashe su. Don haka ma'aikatan gidauniyar kula da namun dajin Moris, tare da wani masanin halittu mai suna Carl Jones, suka riƙa hawa bishiya da igiya suna auna nauyin 'ya'yan. Wanda ya fara ramewa sai a ɗauke shi, ko a raine shi da hannu, ko a kai wa wasu iyayen da ƙwansu bai ƙyanƙyashe ba.

Kogon ma sai an gyara shi. Ɓera yana hawa ya sha ƙwai, sai a naɗe gindin bishiyar da roba mai santsi, a kuma datse rassan da suka taɓo bishiyar kusa, in ba haka ba ta sama zai biyo. Biri yana zura hannu, sai a ƙara wa kogon zurfi. Ruwan sama yana taruwa ya jiƙa 'ya'ya, sai a yi masa mafita. Akwai kuma wani ƙuda da tsutsarsa ke shan jinin 'ya'yan, shi ya sa ake canza shimfiɗar gidan da dusar katako mai magani. Daga baya aka rataya akwatunan sheƙa.

Daga 1997 aka fara sakin waɗanda aka raina a keji. Su suka saba cin abinci a mazubi, na daji suka koya daga gare su, haihuwa ta ƙaru.

Amma taimakon ya zo da tasa matsalar. A 2005 wata cuta mai kama baki da gashin aku ta ɓarke. Gashin tsuntsu ya koma rawaya ya zube, kuma ba ta da magani. Mazubin abinci wurin cunkoso ne, hannun ma'aikaci da kayansa kuma suna iya kai ƙwayar cutar daga gida zuwa gida. Dole aka daina sauya wa 'ya'ya gida, aka koma wanke mazubai da akwatuna da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

A 2007 hukumar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta fitar da akun daga sahun waɗanda suka fi fuskantar haɗarin ƙarewa, a 2019 ta sake sassauta matsayinsa, lokacin da yawansu ya haura 700. Cutar dai tana nan a cikinsu, kuma har yanzu da yawa daga cikinsu a akwatin da mutum ya rataya suke yin ƙwai.