Darasi: Yadda Ake Amfani da Man Rozmari

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau kan man rozmari za mu yi magana, wanda ake ta yayinsa saboda gashi.

Rozmari ɗan tsiro ne mai siraran ganye da ƙamshi mai ratsa hanci, asalinsa ƙasashen bakin Bahar Rum. Da tururi ake fitar da mansa: a tura tururin cikin ganyen, ya kwaso man, a sanyaya shi, man ya taso saman ruwa a kwashe. Ganye kilo 100 da ƙyar yake ba da kilo 1 zuwa 2. Kun ga ke nan abin da ke cikin 'yar kwalbar nan ba ƙaramin ƙarfi gare shi ba. Kuma ba duka ɗaya ba ne: na Sifen ya fi kafur, na Maroko da Tunisiya ya fi sinadarin siniyol, mai buɗe hanci.

To, batun gashi. A 2015 an wallafa wani bincike da aka yi a Iran kan mutum 100 masu sanƙon gado. Rabi suka shafa man rozmari, rabi suka shafa minoksidil, wato maganin sanƙo na likita, mai ƙarfin kashi 2 cikin 100. Bayan wata 3, shiru. Sai a wata na 6 gashi ya ƙaru a ɓangarorin biyu kusan daidai, masu rozmari kuma ƙaiƙayin kansu bai kai na sauran ba. Bincike ne ƙarami, ni dai ba zan ce muku an gama magana ba. Amma duk wanda ya yi muku alkawarin mako biyu, ciniki yake nema.

Yanzu haɗin. Kada ku shafa shi zallansa, yana ƙona fata. Ku samu man kwakwa ko na zaitun cokalin shayi ɗaya, ku ɗiga ɗigo 2. Biyu fa, ba biyar ba. Ku fara gwadawa a fatar hannu ta ciki, ƙasa da gwiwar hannu, ku jira awa 24. In babu ja, babu ƙaiƙayi, sai ku murza a fatar kai da yatsu, ba a jelar gashi ba, ku bari kamar rabin awa kafin wankewa, sau 2 ko 3 a mako.

Ba a shan sa, kuma a kiyaye ido. Mai farfaɗiya ya nisance shi saboda kafur ɗin nan, haka ƙananan yara. Mai juna biyu ko mai shayarwa, sai ta tambayi likita tukuna. Kwalbar kuwa mai duhu za ku nema, ku rufe ta ruf, ku ajiye inda rana da zafi ba sa kaiwa.