Hanyar goro ta koma hanyar masara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da hantsi daga Kumasi. Ku yi haƙuri da ƙarar nan, mota ce ake sauke wa kaya a bayana. Yau Talata, ina tsaye a Asawase, kuma buhunan nan da kuke ganin samari suna jibgewa, jiya war haka suna shanye a rana a wani gari mai suna Ejura. Na san haka ne don tare muka taho.

Abin da ya kai ni can kuwa tuwo ne. Shekarata shida ina cin tuwon zafi da miyar ayoyo a wurin Hajiya ta layinmu a Aboabo, ban taɓa tambayar inda masarar take fitowa ba, sai ranar da malmala ta ƙanƙance. Na ce Hajiya lafiya? Ta ce ɗana, je ka tambayi mutanen Ejura. To, gani ya kori ji, shekaranjiya Lahadi da la'asar na kama hanya, don kasuwarsu ranar Litinin take ci.

Ga hanyar nan na ɗauko muku. Daga Kumasi arewa ake nufa, a bi ta Tafo, a wuce Agona da Jamasi, a kai Mampong. Tafiyar har Ejura kusan kilomita 100 ce. A yankin Mampong akwai hawa da gangara masu kwana-kwana a gefen dutse, inda na ga har yaran mota sun yi shiru suna salati. Amma ku lura da abin da ke faruwa ta taga bayan an sauko. Dogayen itatuwan kurmi sun fara ja da baya, gonakin koko sun ragu, sama ta buɗe, ciyawa ta miƙe. Wallahi sai da ƙirjina ya buga, na ji kamar na doshi kudancin Kaduna. Nan ne kurmi yake haɗuwa da fili, kuma duk arzikin Ejura a kan wannan mahaɗa yake zaune.

Ƙasar Tonawa ce, wato Asante. Su da bakinsu Adwira suke cewa, Bature ne ya rubuta Ejura. Sarautar gari da ƙasar noma suna hannun Ejurahene, wato sarkin Ejura, da iyalan gari, baƙo kuwa haya yake kamawa ko ya yi noma a raba. Sai dai in ka shiga kasuwa ka rufe ido, ba za ka ce a ƙasar Asante kake ba. Na sha alwashin gwada 'yar Tonancin da na koya, na tsaya gaban wata mai wake na yi ta in-ina. Ta dube ni ta yi dariya ta ce, Malam, yi Hausarka kawai. Ba Bahaushiya ba ce, 'yar Kotokoli ce. Dagwamba, Konkomba, Dagati, Gurma, Fulani, kowa da yarensa a gida, amma ciniki da Hausa ake ƙulla shi. Irin Hausar Zango ce, wadda za ka ji an ce "Hajiya ya tafi" ba wanda ya ɗaga kai. Farkon zuwana Gana ina yi musu gyara, yanzu ni ma bakina ya fara karkata.

Mai masaukina dattijo ne, ya haura saba'in, a garin aka haife shi, kakansa kuma daga ƙasar Katsina ya zo. Bayan lisha muka zauna a ƙofar gida, ya nuna min titin da motoci ke wucewa, ya ce wannan ai hanyar Gwanja ce. Nan na gyara zama. Mu da muka taso muna jin fataucin Gwanja a bakin tsofaffi kamar tatsuniya, ashe ga turbar a gabana. Goro a kurmin Asante yake tsirowa. A ɗaura huhu, a ɗora a ka, a bi ta Mampong, Ejura, Atebubu, a ƙetare kogin Volta a Yeji, a kai Salaga, babbar kasuwar ƙasar Gwanja. Can madugai da ayarinsu na jakuna suke jira, sun kawo kanwa da turkuɗi da fatu daga Kano, su koma da goro, tafiyar watanni.

Abubuwa biyu suka wargaza wannan tsari. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan arewa ya yi sanyi. Sai kuma yaƙin basasa ya tashi a Salaga a 1892, fatake suka watse, wasu Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu Akara, wasu suka yada zango a ƙananan garuruwan kan hanya, ba su sake tashi ba. Na ce Baba, to 1969 fa, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa? Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ƙannen mahaifinsa biyu a lokacin suka tafi, ba a sake haɗuwa ba. Ban ƙara tambaya a kai ba.

Ita ma hanyar ta sha nata. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya cika ya zama tafki, mai zuwa Salaga sai ya jira jirgin fito a Yeji. Manyan motocin Tamale yanzu ta Techiman da Kintampo suke bi. Garin da ya rayu da masu wucewa sai ya koma ya riƙe fartanya da gaske.

Ga kuma abin da ya fi ɗaure min kai, ni ɗan Kano da na saba damina ɗaya, in ta kuskure maka sai baɗi. A nan damina biyu ce. Babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, a ɗan sarara a Agusta, ƙarama ta kama daga Satumba zuwa Nuwamba. Gona ɗaya, masara sau biyu a shekara, wani kuma ya bi ta biyun da wake. Doya kuwa sai ka je wajen Konkomba, su ne gwanayen tulin doya. Ban taɓa ganin ƙaramin gari mai yawan tarakta irin wannan ba, har da kwalejin koyon noma da sarrafa injuna a garin. Direbobin in sun gama huɗa a nan sai su tuƙa arewa, inda ruwa yake makara, su yi aikin can su dawo. Su ma fatake ne, jakin ne ya canza.

Kada ku ce daɗi kawai ake sha. Masarar babbar damina ana girbe ta ne sama ba ta gama bushewa ba. Ku duba nan, tamfol ne shimfiɗe a fili, yara suna jan masara da ƙafa suna juya ta, ido ɗaya a kan hadari. In ruwa ya riske ta ta yi fumfuna, shi ke nan kuɗi ya zube. Ga kuma tsutsar nan mai cinye zuciyar masara da ta shigo Gana wajen 2016, wadda ta ƙara wa manomi kuɗin feshi a kan na taki.

Ku kalli wannan baiwar Allah da kyau, daga Kumasi take zuwa sari. Ba ta da wata na'ura. Ta zura hannu cikin buhu har gwiwar hannu, ta ɗebo daga ƙasa, don ta san ta saman ta ado ce. Ta jefa ƙwaya ɗaya a baki ta ciza. In ta ce ƙas, ta bushe. In haƙori ya nutse, sai ta tofar ta wuce ko kallon mai kaya ba ta yi. Na kwaikwaye ta, har yanzu turmin haƙorina yana min tsiya.

Wurin buhu ne raina ya ɓaci. A kan buhu ake yanke farashi, ba a kan sikeli ba, kuma mai saye ne yake zuwa da nasa. A cika shi, a girgiza, a danna, a yi masa toliya sannan a ɗinke. Manomin yana tsaye yana kallon gumin wata huɗu yana shigewa cikin wannan toliyar. A ganina wannan cuta ce, ko a Dawanau aka yi ta ko a Ejura, kuma mu 'yan birni masu kukan malmala ta ƙanƙance ba mu san rabin labarin ba.

Dawowa a bayan wannan motar na yi, a kan buhuna, iska tana dukana har Tafo. Wancan buhun mai jan zare a baki na Hajiya ne, ta ce in tsaya a kai kada a musanya mata. Kai, ɗan'uwa, a hankali, ɗinkin ya fara saki! Bari in ajiye wayar in kama masa.