Bin Salsalar Mace a Ingila: Daga Takardun Ƙidaya Zuwa Rajistar Coci

Assalamu alaikum. Jama'a barkanmu da yamma, barkanmu da zuwa.

Abin da za mu tattauna yau shi ne yadda ake bin asalin mace 'yar Ingila a takarda, daga inda aka san ta har a kai ga kakanninta. Da gangan aka zaɓi mace. Namiji a can, sunan dangin da aka haife shi da shi, da shi za a binne shi. Ita kuwa mace, ran da aka ɗaura mata aure ta ajiye sunan gidan ubanta ta ɗauki na miji. Miji ya rasu ta sake aure, ta sake suna. Sai ka ga mutum ɗaya da suna uku a littafi uku. Mu a nan, mace ko ta yi jikoki ana cewa 'yar gidan wane ce, amma takardun Ingila ba sa faɗa maka haka sai ka san wadda za ka buɗe. Saboda haka aikin duka ya taru a wuri ɗaya: ka gano inda sunan ya canja, ka haɗa matar aure da yarinyar da take a da, da hujja.

Baya ake yi. Kada ka fara daga ƙauyen da aka ce maka can ne tushensu. Fara daga mutuwarta. In ta rasu daga Afrilun 1969 zuwa yau, ka huta, domin takardar shaidar mutuwa tun daga lokacin tana ɗauke da ranar haihuwa, da garin haihuwa, da sunan gidan ubanta. In kafin nan ne, shekarunta kawai za ka samu, su ma yadda wanda ya kai rahoton ya ƙiyasta. Suruki ko maƙwabci da ya je ofis cikin jimami ba lallai ya san shekarar da aka haifi tsohuwa ba, don haka ka bar rarar shekara biyu ko uku gaba da baya.

Daga nan sai rajistar 1939. An yi ta ranar 29 ga Satumba, farkon Yaƙin Duniya na Biyu, don a raba katin shaida da katin abinci. Wannan rajista ta zama babbar gada, saboda ƙidayar 1931 ta Ingila da Wales ta ƙone ƙurmus a wata gobara cikin Disambar 1942, a 1941 kuma ba a yi ƙidaya ba saboda yaƙi. Tana ba ka cikakkiyar ranar haihuwa. Abin da ya fi wannan daɗi ga mai neman mace shi ne hukumar lafiya ta ƙasa ta ci gaba da amfani da littafin har 1991, ana gyara shi. Yarinyar da ta yi aure bayan 1939, za ka ga an soke sunan ubanta an rubuta na mijin a samansa. Suna biyu a layi ɗaya, ga gadarka nan. Sai dai wanda bai cika shekara 100 da haihuwa ba, an rufe layinsa da baƙin zane, sai in an tabbatar ya rasu.

To, mu shiga ƙidaya. Tun 1801 ake yin ta duk shekara goma, amma huɗun farko ƙirgen kawuna ne, ba a tara sunaye ba. Sunaye sun fara daga 1841, kuma ba a buɗe wa jama'a sai bayan shekara 100, shi ya sa ta 1921 sai Janairun 2022 ta fito. Ainihin takardun suna hannun gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kew, a Landan, hotunansu kuma suna shafukan intanet irin su Findmypast da Ancestry.

A cikinsu duka, ta 1911 ce aminiyar mai neman mace. An tambayi kowace matar aure shekara nawa ta yi a wannan auren, 'ya'ya nawa ta haifa da rai, nawa ke raye, nawa suka rasu. Ku duba amfanin wannan. In ta ce shekara 23, ka san wajen 1887 ko 1888 za ka nemi auren. In ta ce ta haifi tara, shida na raye, kai kuwa bakwai ka sani, to akwai biyu da aka haifa suka rasu tsakanin ƙidaya da ƙidaya, ba su taɓa shiga lissafi ba, sai ka neme su. Kuma ita ce ta farko da aka ajiye takardar da maigida ya cike da hannunsa. Amma in ka rasa matar a 1911, ka tuna a wannan daren na 2 ga Afrilu mata masu fafutukar neman 'yancin zaɓe da dama sun ƙi yarda a ƙirga su. Ɗaya daga cikinsu ma, Emily Wilding Davison, a cikin wani ɗan ɗakin ajiya na ginin majalisa ta kwana.

Daga 1901 zuwa baya, abin da kake gani ba rubutun maigida ba ne. Malamin ƙidaya ne ya kwafe a littafinsa, aka lalata na asalin. Ke nan magana ta bi ta hannu uku kafin ta iso gare ka: wanda ya faɗa, wanda ya kwafe, da wanda ya buga a kwamfuta a zamaninmu. Kowannensu yana kuskure. Kada ka tsaya a fihirisar intanet, buɗe hoton shafin ka karanta da idonka, ka karanta gidan da ke gaba da na baya, domin sau da yawa uwarta ko yayanta na nan maƙwabtaka.

Ta 1841 tana da tarko biyu. Duk wanda ya wuce shekara 15, an ce a rage shekarunsa zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, mai 39 a rubuta 35, mai 24 a rubuta 20. Ba a kuma rubuta dangantaka ba, ba a faɗi garin haihuwa ba, sai dai e ko a'a, wato a wannan lardin aka haife ta ko ba a nan ba. A 1851 aka gyara, aka sa dangantaka da maigida, da ainihin shekaru, da gari da lardin haihuwa. In Allah ya sa tsohuwarka ta kai daren 30 ga Maris 1851 da rai, ko da an haife ta a 1775, ita da bakinta za ta gaya maka garin da za ka nemi baftismarta, wato wankan shiga addinin Kirista da aka yi mata a coci tana jaririya. Ku riƙe wannan. Wani abu kuma, kalmar da yau take nufin suruka, a wancan zamani har agola ana kira da ita. In ka ga yarinya 'yar shekara takwas an rubuta ta surukar maigida, agola ce, kuma sunan da take ɗauke da shi na mijin farko na uwar ne.

Yanzu ga takardar aure. Gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa ranar 1 ga Yuli 1837. Fihirisar an kasa ta wata uku-uku: Maris, Yuni, Satumba, Disamba, kuma shafin intanet na FreeBMD ya sa ta kyauta. Ranar da aka yi rajista ake bi, ba ranar haihuwa ba, iyaye kuma suna da kwana 42, saboda haka jaririyar Disamba sai ta faɗa rubu'in Maris na shekara mai zuwa. Kafin dokar 1874 nauyin rajistar haihuwa ba a wuyan iyaye yake ba, don haka wasu yaran sun kuɓuce.

Takardar aure tana ba ka sunan uban amarya da sana'arsa, ba ta ba ka sunan uwa, wannan sai 2021 aka fara. A gurbin shekaru sau da yawa kalma biyu ce kawai, full age, ma'ana ta kai 21. Ita ma ba a rantse da ita, domin 'yar 19 da iyayenta ba su yarda ba takan ƙara, wadda ta girmi ango takan rage. Kada ka tsallake shaidu. Shaidar amarya galibi ƙanwa ce ko yaya, kuma in mata biyu masu suna ɗaya suka rikita ka, sunan shaida ne zai raba gardama. In gurbin uba babu kowa, ko kuma an sa uba mai sunan dangi irin na uwa, ka yi zaton ba ta hanyar aure aka haife ta ba, wataƙila kakanta aka rubuta don a rufa asiri.

In auren ya ƙi samuwa, ka bi ta 'ya'ya. Takardar haihuwar kowane ɗa tana ɗauke da sunan gidan uban mahaifiyarsa, in ta taɓa wani auren ma akan nuna. Fihirisar intanet ta babban ofishin rajista tana nuna wannan suna har zuwa 1837 ba sai ka sayi takarda ba. Wani lokaci kuma auren ne ba a yi a Ingila ba. Flora Shaw, wadda ta ba da shawarar sunan Najeriya, a Woolwich aka haife ta a 1852, amma aurenta da Lugard a 1902 a tsibirin Madeira aka ɗaura.

Da ka wuce 1837 baya, sai littattafan coci. Ingila a rarrabe take gunduma-gunduma, kowace da cocinta da limaminta. A 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowace coci ta riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa. A ƙarshen ƙarnin aka ce a kwafe su a kan fata, a kuma riƙa aika wa bishop, wato babban limamin yankin, kwafi duk shekara. Wannan kwafin bishop shi ke ceton mutum in ɓera ko danshi ya cinye na asali, kuma yana da kyau ka gwada biyun, don wani lokaci ɗaya ya faɗi abin da ɗaya ya bari. Yawancin littattafan yanzu suna ofisoshin adana tarihi na larduna. Ka sa ran giɓi daga shekarun 1640 zuwa 1660, lokacin yaƙin basasa da abin da ya biyo baya.

Shekara biyu za ka haddace. Daga 25 ga Maris 1754 dokar Hardwicke ta fara aiki: aure sai a cocin Ingila, wato cocin hukuma, bayan shela Lahadi uku ko da lasisi, da shaidu biyu, kowa ya sa hannu ko ya yi alama. Yahudawa da 'yan ɗarikar Quaker da gidan sarauta kaɗai aka ware. Daga 1813 kuma aka kawo littafi bugagge mai gurabe, baftisma ta sami mazaunin iyaye da sana'ar uba, binnewa ta sami shekaru. Kafin nan abin tausayi ne yadda mace ke ɓacewa: sai a rubuta an yi wa wance 'yar wane baftisma, ba sunan uwa, ko a rubuta an binne matar wane, shi ke nan. Sai a wasu cocin Yorkshire daga shekarun 1770 ne za ka tarar har iyayen uwa an rubuta.

A nan ne mutane suka fi yin ɓarna. Mutum ya ga baftismar mai suna irin nata a shekarar da ta dace, sai ya ɗauka. Kafin ka ɗauka, je ka littafin binnewa ka tabbatar wannan jaririyar ta rayu, domin al'adarsu ce in ɗa ya rasu a mayar wa na bayansa sunan. Mary Anning ta Lyme Regis, wadda ta shahara wajen tono ƙasusuwan dabbobin da, an haife ta a 1799, sunan yayarta ta ci, wadda wuta ta kashe 'yan watanni kafin nan. Iyayenta kuma ba 'yan cocin Ingila ba ne, Kiristoci ne masu majami'arsu daban. Irin waɗannan gidaje za ka sami aurensu a cocin gunduma saboda doka ta tilasta, amma baftismar 'ya'yansu tana littafin majami'arsu, da yawa daga cikinsu suna Kew.

Ka kuma lura da laƙabi. Polly da Molly duk Mary ce, Peggy Margaret ce, Sally Sarah ce, Nancy Ann ce. Kafin 1733 kana iya tarar da sunayen da Latin. Kafin 1752 kuma shekara daga 25 ga Maris take farawa, don haka in ka ga aure a Mayun 1740 da baftisma a Fabrairun 1740, ba a gaban aure aka haihu ba, Fabrairun bayan Mayun yake da wata tara.

In ka rasa baftismarta a garin da ta yi aure, zana da'ira. Duba gundumomin da ke cikin mil biyar, sannan goma, ka bi hanyar kasuwa, domin 'yan mata da yawa aikatau ne ya fitar da su daga gida tun suna ƙanana.

(Tambaya daga wata mahalarciya: Allah ya gafarta Malam, in an sami mata biyu masu suna ɗaya, shekara ɗaya, gari ɗaya, duk sun rayu, yaya za a yi?)

Madalla da wannan tambaya, Hajiya. Sai a bar littafin coci a nemi wasiyya. Ita matar aure da wuya ta bar wasiyya kafin dokar 1882, saboda dukiyarta a hannun miji take. Amma wasiyyar ubanta takan ce na bar kaza ga 'yata wance, matar wane, kin ga an gama magana. Wasiyyar gwaggo da ba ta yi aure ba ma ta fi, don takan jero 'ya'yan 'yan'uwanta ɗaya bayan ɗaya da sunayen mazajensu. Kafin Janairun 1858 kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya, sai ki fara gano wace kotu ce ke da ikon wannan gunduma. In kuwa gidan talakawa ne, ba abin da za a bari, sai ki nemi takardun tallafin gajiyayyu. A wancan zamani, tun dokar 1662, kowa yana da gundumar da ciyar da shi ya rataya a wuyanta, matar aure kuma ta mijinta take bi. In mijin ya mutu ta nemi taimako, sai a kai ta gaban alƙalai ta yi rantsuwa, ta faɗi inda aka haife ta, gidajen da ta yi aikatau, inda aka ɗaura mata aure, da sunayen 'ya'yanta da shekarunsu. Ki tambayi ofishin adana tarihi na lardin ko takardun wannan gunduma sun tsira, domin da yawansu ba a sa su a intanet ba tukuna.