Karatu a Azhar: Shekarun da Ba a Lissafawa a Gida

Jama'a, assalamu alaikum. Idan aka ce yaro ya tafi Azhar karatu, lissafin da ake yi a gida shi ne shekara huɗu ya dawo da digiri. Duk wanda ya zauna a Alƙahira ya san ba kasafai lissafin nan yake fita daidai ba, kuma dalilin hakan za mu duba yau.

Hanyar dai tsohuwa ce. A shekarar 970 Faɗimiyyawa, masu mulkin Masar a lokacin, suka aza harsashin masallacin Azhar a Alƙahira, kuma tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da makarantar da ɗalibansu ke sauka a Masar, wadda ake kira Madarasar Ibn Rashiƙ. A 1961 aka yi dokar da ta shigo da fannoni irin su likitanci da injiniyanci cikin jami'ar Azhar. To amma ɗalibin da ya sauka yau daga Kano ko Damagaram, ba tarihi zai fara tararwa ba, takardu ne.

Tambayar farko: shaidar sakandaren da ka zo da ita, Azhar ta amince da ita? Wannan shi ɗalibai ke kira mu'adala. Idan makarantarku tana da ita, hanyarka ta yi sauƙi. Idan babu, sai a yi maka jarrabawar tantance mataki. A nan ne ake shan mamaki. Saurayi ya haddace Alƙur'ani, ya sauke Iziyya da Risala a zaure, a unguwarsu har malam ake ce masa, amma sakamako ya fito a ce ya fara zama ajin koyon Larabci, daga nan ya shiga ma'ahad, wato sakandaren Azhar. Shekara biyu ko uku na iya tafiya a nan tun bai leƙa jami'ar ba. A gida kuwa ana ta tambaya, "Yanzu aji nawa kake?" Wasu kunya ke hana su faɗin gaskiya, sai su ce, "Ana nan ana yi, Baba." A ganina wannan ɓoyon ya fi jinkirin kansa illa, domin shi ke sa iyaye su fara zargin ɗansu da shiririta.

Sai iƙama, izinin zama a ƙasa, wadda ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci. Kafin ka same ta sai ka karɓo takarda daga makaranta, ka yi sammako ka bi layi, wani lokaci a ce ka dawo gobe. Tsofaffin ɗalibai su ne gatan sabo a nan, su suka san tagar da ake fara zuwa.

Ga kuma harshe. Larabcin littafi daban, na titi daban. Ka yi wa direban ƙaramar bas Larabcin nahawu tsaf, ya dube ka ya yi murmushi, ya amsa maka da Ammiyya, wato Larabcin titin Masar, ka kasa tsintar komai. Abin bai tsaya a titi ba: malamai da dama a cikin aji sukan fara darasi da Fusha, wato Larabcin littafi, in bayani ya yi zafi su zarce da Ammiyya.

Wanda ya samu tallafin Azhar yakan zauna a Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya, masaukin ɗalibai baƙi, inda ake ba da ɗaki da abinci. Sauran kuwa haya suke kamawa, galibi a Madinat Nasr ko Darrasa kusa da masallacin. Mutum biyar ko shida su haɗa kuɗi, su biya dillali, su ajiye kuɗin jingina, su raba kwanakin girki. Da safe wake ne da gurasa, da rana koshari, wato shinkafa da taliya da adas (wani ƙaramin wake) a kwano ɗaya. Shi ya sa idan wani ya dawo daga hutu, ba tsarabar turare ake jira ba. Jakar kuka da daddawa da yaji da kilishi ake kewayewa. Sanyin Janairu kuma ya wuce hunturun da muka sani, ɗakunan ba abin ɗumama su, sai bargo kan bargo. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba: wasu yaran titi kan tsokani baƙar fata. Akwai Misirawa masu karamci ƙwarai, musamman da azumi da ake shimfiɗa teburan buɗa-baki kyauta a kan hanya, amma tsokanar tana nan, kuma tana ci wa sabon zuwa rai.

Idan an shiga jami'ar, maza da mata kowa da ɓangarensa, kuma nauyin duka yana kan jarrabawa. Ga littattafan da aka wajabta, ga jarrabawar baka ta Alƙur'ani. Darussan da ka faɗi in sun yi yawa, shekarar za ka maimaita. Da yawa daga cikin waɗanda suka gama za su gaya maka karatun da ya zauna musu a halƙoƙin masallaci suka same shi, inda shehi ke bin littafi layi-layi, kyauta, ba rajista ba kiran suna. Da yake ba mai tilasta maka zuwa, wani ya cika kundi, wani ya shekara bai taka wurin ba.

Sannan kuɗi. A watan Yunin 2023 Najeriya ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, a watan Maris na 2024 Masar ma ta yi haka da fam ɗinta, dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50. Abin da uba ke turowa ya ragu tun a hanya, haya da cefane kuma suka hau. Izinin zaman ɗalibi ba na aiki ba ne, don haka wasu ke raka marasa lafiyar da suka zo daga gida asibiti suna yi musu tafinta, wasu na sayen jallabiyya da littattafai suna aikawa gida, duk a cikin lokacin da ya kamata a ce suna gaban malam.