Fatar mesa, damo da kada: abin da baduku zai duba kafin ya miƙa kuɗi

An rubuto wannan lacca daga naɗin murya. An gabatar da ita ga dukawa da majema da dillalan fata a Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum. Iyayenmu dukawa, Allah Ya ƙara girma. 'Yan'uwa majema da dillalai, sannunku da zuwa.

Fatar mesar da ake warware muku a bakin rumfa, kafin ta iso Kumasi ta bi ta hannu uku ko huɗu: maharbi, mai fiɗa, dillalin ƙauye, direba. Kowa ya karɓi nasa ya wuce, a hannunku take kwana. In an zo kama kaya, rumfarku za a shiga. In mesa ta ƙare a daji, sana'arku ce za ta fara jin jiki. Don haka mai saye shi ke da ikon cewa a'a, kuma wannan a'a ɗin ita ce ke komawa har kunnen maharbi.

Akwai yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe da ake kira CITES, wadda aka sa wa hannu a Washington a 1973, ta fara aiki a 1975. Gana tana ciki. Ta kasa dabbobi rukuni-rukuni. Na rukunin farko ba a kasuwancinsu tsakanin ƙasashe in daga daji aka kamo su, kuma kadojin Gana duk nan suke. Jaka ɗaya ta fatar kadan Gana za ta iya sa a tsare baƙon da ya saya a filin jirgin ƙasarsu. Ba doka kaɗai ba ce ma: mutanen Paga, can arewacin Gana, suna girmama kadojin tafkunansu, matafiya kuma daga nesa suke zuwa kallo. Kadan da ke raye kullum yana kawo wa garin kuɗi.

Mesa da damo suna rukuni na biyu. Ana cinikinsu, amma ba sa tsallake iyaka sai da takardar izini, ko da ɗamara ce ko takalmi. A nan Gana, Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ke bayarwa. Dokar cikin gida tana iya fin ta CITES tsauri, saboda haka kafin ka zuba jari a fatar guza, taka ka je ofishinsu ka tambaya. Kuma ku riƙe wannan: daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta. Wanda ya kawo maka ɗanyar fata a watan Oktoba, ka san inda ya samo ta.

Mai son aikin kada da gaske, akwai ta halak daga gonakin kiwo, irin na Zimbabuwe a bakin tafkin Kariba. Kowace fata tana zuwa da lamba maƙale a wutsiya, wadda ba ta cirewa sai an karya ta, ɗauke da alamar ƙasa, irin kadan, lambar fatar da shekara. Takardarta kuma tana da harafin da ke nuna asali: W na daji, R wanda aka ɗebo ƙwai ko ɗan tsako daga daji aka raina, C wanda aka haifa a gidan kiwo. Lambar wutsiya da ta takarda in ba su zo ɗaya ba, bar ta.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato karanta fatar kanta. Shimfiɗa ta, ka ɗaga ta wajen haske. Baƙin tabo da ɓawon da ya ƙanƙance suna nuna an sa wa daji wuta ne aka koro dabbar, ko an banka hayaƙi a rami. Wannan wuta ba mesa kaɗai take ci ba. Manyan fatu kuwa, waɗanda ido ya fi so, yawanci na mata ne, domin macen mesa ta fi namiji girma. Tana yin ƙwai da dama, ta naɗe a kansu ba ta nisa da su har su ƙyanƙyashe, lokacin ne kuma ta fi sauƙin kamu. Wanda ya ɗauke ta a kan ƙwai ya kashe gida guda. Manomi ne zai biya, don ita ke rage masa ɓeraye da gafiya.

Sai yadda aka kashe dabbar. Mun sani a hadisi cewa Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, har da kisa da yanka. Waɗannan dabbobi ba kamar akuya ba ne. Jikinsu yana jure ƙarancin iska, shi ya sa ko an sare kai, ƙwaƙwalwa tana daɗewa tana aiki. Hanyar da masana suka yarda da ita ita ce a sumar da dabbar da bugu ɗaya mai ƙarfi a ka, nan take a lalata ƙwaƙwalwar da tsinken ƙarfe, a tabbatar ta mutu kafin wuƙa ta taɓa fata. Ɗura wa mesa ruwa tana da rai don fata ta saki zalunci ne, kada kuɗinku ya shiga ciki.

Kowace fatar da ta lalace a hannunmu, wata dabbar za a sake kashewa a madadinta. A feɗe cikin 'yan sa'o'i, a kankare nama da kitse tas, don kitsen da aka bari shi ke ƙona fata ya hana ta shan jima. A kafe ta a kan katako da ƙananan ƙusoshi a gefe-gefe, a inuwa mai iska. Rana tana busar da sama ta bar ciki da danshi, sai an jiƙa a ga ɓawo yana zubewa. Kada a ja ta don ƙarin tsawo: zanen yana karkacewa, fatar ta yi sirara, ta yage a wajen ɗinki. Da damina, danshin Kumasi ba ya barin fata ta bushe, to a sa gishiri mai laushi, sabo, kimanin rabin nauyin fatar, bayan kwana biyu a kakkaɓe a sa wani. Tsohon gishiri shi ke kawo jan tabon nan mai wari. Majema kuma, ruwan toka in ya yi yawan kwana yana sassauta fatar, bagaruwa in ta haɗu da tukunyar ƙarfe baƙi za ta yi, sai a yi amfani da ta ƙasa ko ta roba.

Wani Alhaji ya yi tambaya kan fatar saniya da ake buga wa zanen kada. Ranka ya daɗe, ba laifi a yi aiki da ita, sai dai a faɗa wa mai saye gaskiyar abin da take. Gane ta ba wuya: zanen inji yana maimaita kansa daidai wa daida, a fatar kada ta gaske kuwa ɓawon ciki manya ne masu kusurwa huɗu, suna ƙanƙancewa suna zama zagaye in an doshi haƙarƙari.